Daga tramol zuwa CRISPR: wa ke cin ribar ƙarin ƙarfin?

A 2013 wasu masu bincike na Faransa da Kamaru suka fito da labarin da ya ba masu haɗa magani mamaki, wai sun samu tramadol, tramol ɗin nan dai da muka sani, a cikin saiwar tafashiya, ma'ana maganin da wani kamfanin Jamus ya haɗa ya fito da shi kasuwa a 1977 ashe itacen dajinmu na yin sa da kansa. Shekara na zagayowa wasu Jamusawa suka bi diddigi, sai suka ga a arewacin Kamaru ake samun abin, tafashiyar kudu ba ta da shi. Dalilin kuwa manoman yankin suna shan tramol don su iya aiki cikin rana, suna kuma ba shanun huɗa, shanu su yi fitsari da kashi a gindin itace, saiwa ta tsotsa. Itacen bai haɗa komai ba, abin da aka zuba masa ya sha.

Idan aka ɗauko zancen ƙara wa ɗan Adam ƙarfi ko kaifin ƙwaƙwalwa ta hanyar fasaha, mutane sai su ɗauka hirar Turawa ce, ta Elon Musk da na'urarsa ta Neuralink da aka fara dasa wa mutum a ka a watan Janairun 2024, ko ta gyaran ƙwayoyin gado. To mu a Damagaram ai mun daɗe a cikin maganar, namu ne dai na talaka, kuma a ganina wanda ya fahimci abin da tramol ke yi a tasha da santiye ya riga ya fahimci rabin gardamar da farfesoshi ke yi a can.

Ku dubi ɗan ga-ruwa. Kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan in bazara ta yi, mutum ya jera bido goma na lita 25 a kura, kilo 250 kenan ban da nauyin kurar, ya turo cikin rairayi ya hau tudu ya gangara, ya koma ya sake. Likita in zai rubuta tramadol don ciwo miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a tire da kan moto akwai na 120, na 200, na 225, har 250, yawanci daga Indiya ake shigo da shi. Abin da yake yi shi ne ya toshe jin ciwo ya kuma ɗan ɗaga rai, tsoka ba ta ƙaru ba, gwiwa da ƙugu suna ci gaba da lalacewa, mutum ne kawai ya daina jin gargaɗin da jikinsa ke masa. Can gaba ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, uku, sai jijjiga irin ta farfaɗiya, wani a kan moto take kama shi da fasinja a baya.

Wurin da na fi so a tsaya shi ne nan. A ce leburori goma ne a santiye, uku suka fara sha, suka riƙa ɗora bulo har magariba ba zama. Mai aiki ba ruwansa da abin da suka haɗiya, aikin da ya gani shi zai auna, gobe aikin ukun nan ya zama ma'aunin kowa, kuɗin yini kuma bai ƙaru ba ko ya ƙaru kaɗan. Bakwan da suka rage ko su sha ko a ce ragwaye ne a ɗauko wasu. Kamar dai a filin kokawa na Langa-Langa ne in na sahun gaba suka miƙe tsaye, dole na baya su miƙe, a ƙarshe kowa na tsaye ƙafa na ciwo kuma ba wanda ya fi ɗazu gani. Haka abin yake a ramukan zinari na Jado, haka ga ɗan kabu-kabun da dole ya kai wa mai moto kuɗinsa da dare kafin ya nemi na tuwo. In ka tambayi yaron zai ce maka shi ya ga dama ya sha, kuma gaskiya ba wanda ya ɗura masa, amma zaɓin da ƙin sa ke nufin kwana da yunwa ni dai ban san sunan da zan ba shi ba.

Masu goyon bayan wannan fasaha suna da hujja mai ƙarfi fa, kada a raina ta. Suna cewa ɗan Adam tun fil azal yana ƙara wa kansa abin da ba a haife shi da shi ba. Goro da shayi da Nescafé ɗin da 'yan lakwal ke kwana sha in jarrabawar bak ta matso, duk neman ƙarin kuzari ne. Allurar rigakafi ana yi wa lafiyayyen yaro ne, a ba jikinsa kariyar da bai zo da ita ba. Rubutu kansa ƙari ne a kan hadda. To in baligi ya ce jikinsa ne yana so ya fi haka, wa ya isa ya hana shi? Ni ma na yarda da wannan har zuwa wani wuri, inda nake rabuwa da su shi ne suna magana kamar kowa shi kaɗai yake rayuwa, alhali ƙarin da ka yi wa kanka yana canza abin da za a nema daga maƙwabcinka.

Malamanmu kuma ta wata ƙofa suke shigowa, ta magani da canza halitta. Aya ta 119 a suratun Nisa'i ta ambaci canza halittar Allah cikin abin da Shaiɗan ya sha alwashin sa mutane su yi, a gefe guda kuma ga labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinari. Daga irin waɗannan ne malaman fiƙihu suka fitar da cewa mayar da abin da ya lalace ya halatta, ƙari don ƙawa ko don wai a gyara iri bai halatta ba, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1998 kusan haka ta yanke game da taɓa ƙwayoyin gado. Wannan iyaka tana da amfani sosai, ita ce ta raba ƙafar roba da bilicin, ta raba aikin yanar ido da sha-ka-fashe ɗin da 'yan mata ke sha don a ce sun cika. Sai dai akwai inda take dushewa. Mutumin farko da aka dasa wa Neuralink, Noland Arbaugh, shanyayye ne daga wuya zuwa ƙasa tun wani haɗari da ya yi a 2016, yanzu yana motsa kibiyar kwamfuta da tunani kawai, wannan magani ne ba gardama. Amma shi Musk bai ɓoye ba cewa burinsa a kai ga dasa wa masu lafiya. Na'ura ɗaya, aiki ɗaya, wanda ke kwance a gadon ne kawai ya bambanta.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne na He Jiankui. A watan Nuwamban 2018 wannan masani na birnin Shenzhen a Sin ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa ƙwayoyin gadonsu tun suna ɗan tayi, da almakashin nan da ake kira CRISPR wanda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 har suka ci kyautar Nobel a 2020. Ya lalata wata ƙwayar gado mai suna CCR5, ƙofar da ƙanjamau ke bi ya shiga ƙwayoyin jini. Uban yaran na ɗauke da cutar, amma yaran lafiyarsu lau, kuma akwai hanyoyin da aka daɗe da sani na hana su ɗauka ba tare da an taɓa komai ba. Gyaran ma bai fita yadda ya so ba. Kotu ta ɗaure shi shekara 3 a ƙarshen 2019 da tarar yuwan miliyan 3. Abin da ya tayar da hankalin duniya shi ne irin wannan gyara ba ya tsayawa kan wanda aka yi wa, 'ya'ya da jikoki za su gada, kuma ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi ya sa yarjejeniyar Oviedo ta ƙasashen Turai ta 1997 ta hana gyaran da zai bi zuri'a.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa son faɗa, jiki ba ya ba da kyauta haka nan. Waɗanda aka haifa ba su da CCR5 sun fi kariya daga ƙanjamau amma wata cutar da sauro ke kawowa, zazzaɓin West Nile, ta fi yi musu illa. Mu ma muna da namu misalin a cikin jininmu. Ƙwayar sikila, amosanin jini, in mutum ya gaji guda ɗaya, wanda ake ce wa AS, tana ba shi kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ta yawaita a ƙasashenmu, in ya gaji biyu kuma ta zama azabar da duk wanda ya taɓa kwana da yaro mai ciwon ƙashi ya sani. To wanda ke zaune a ofis a Boston zai kira ta aibi tsantsa, ita kuwa ta raya kakanninmu da yawa a damina. Maganar wai za a zaɓo ɗa mai tsawo ko mai ƙwaƙwalwa kuma har yanzu cika baki ya fi yawa a ciki, wani babban bincike na 2022 ya gano wurare sama da 12,000 a ƙwayoyin gado da ke da hannu a tsawon mutum kaɗai, balle hankali.

Tun da an zo kan sikila bari in daɗe kaɗan, don nan siyasar take tsirara. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin farko da aka yi da CRISPR, sunansa Casgevy, kuma na sikila ne. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara su yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, a ba mutum magani mai ƙarfi irin na ciwon daji ya share tsohon ɓargo, sannan a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni a asibiti, kuma maganin share ɓargon na iya hana shi haihuwa. Yawancin waɗanda aka gwada a kansu sun rabu da tashin ciwon. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, sama da miliyar guda na sefa. Mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a duniya a Afirka kudu da Sahara ake haifarsu, a Nijar ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar, amma uwar da ke Mirya ko Magarya ko hydroxyurea, tsohon magani mai araha da ke rage tashin ciwon, ba kullum take samu ba, wani lokaci jakar jinin da za a ƙara wa yaron ita ce tashin hankalin. Wannan fa magani ne, wanda kowa ya yarda halas ne kuma alheri ne, ga yadda rabonsa ya kasance. To ina ga ranar da abin sayarwar zai zama ƙarin ƙwaƙwalwa ko ƙarin shekaru? Yau ɗan mai kuɗi ya fi ɗan talaka makaranta da abinci, amma in aka yi sa'a ɗan talaka yakan zo na ɗaya a aji, abin tsoron shi ne a wayi gari bambancin ya shiga cikin jini ana gadonsa.

Af, mu ma fa mun fara zaɓen zuri'a ba mu kira shi da sunan ba. Gwajin jini kafin aure da ake ta wa'azi a kai, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, ai cewa ake AS kada ya auri AS don kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ni ina goyon bayan gwajin ɗari bisa ɗari, amma gwaji a faɗa wa mutane gaskiya su yanke shawara daban, hukuma ta fara yanke wa mutane wanda ya cancanci haihuwa daban. Turawa sun bi wannan hanya sun ga ƙarshenta, a Amurka an yi wa mutane sama da 60,000 aikin hana haihuwa dole a ƙarni na 20 da sunan gyaran iri, kotun ƙolinsu ma ta amince a 1927, Jamus ta Hitler ta yi wa kusan 400,000 bayan dokar 1933. Waɗanda aka yi wa kuwa talakawa ne da naƙasassu da waɗanda ake ganin ba su da gata.

A wasanni maganar ta fi sauƙi don akwai alƙali. Ɗan kokawa ya shigo fili da layu da guraye da rubutun da ya sha, ba mai cewa komai, kowa da nasa malamin. Amma ƙwaya daban ce, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta sa tramadol cikin haramtattu lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024, kuma ɗan tseren keke Lance Armstrong an ƙwace masa kofunan gasar Tour de France guda 7 a 2012 saboda allurar EPO mai ƙara jan jini da kuma ƙarin jini. Abin dariyar shi ne akwai wani ɗan Finland mai gudun kan ƙanƙara, Eero Mäntyranta, da aka haifa jikinsa na yin jan jini fiye da na kowa, ya ci zinare a gasar Olamfik ba wanda ya ce ya yi maguɗi. Ma'ana ba daidaito ake karewa ba, don dama ba a haife mu daidai ba, ana hana ƙwaya ne don kada ya zama sai ka yarda ka kashe kanka kafin ka shiga fili.

Soja shi ko wannan kariyar ba shi da ita. A 1940 sojojin Jamus sun shiga Faransa da ƙwayar Pervitin a aljihu, an raba musu kusan miliyan 35 cikin 'yan watanni don su yi kwanaki ba barci. Matuƙan jiragen yaƙin Amurka sun daɗe ana ba su ƙwayar hana barci, a 2002 a Afganistan ɗaya daga cikin wasu biyu da suka sha ta ya jefa bam kan sojojin Kanada, huɗu suka mutu, lauyoyinsu suka ce ƙwayar na da hannu, rundunar ta ce a'a. A watan Disamban 2020 kwamitin ɗa'a na ma'aikatar tsaron Faransa ya ba da izinin a ci gaba da bincike kan sojan da aka ƙara wa ƙarfi, da hujjar cewa wasu ƙasashe na yi, ba za a bar su a baya ba. Hujjar leburori bakwai ɗin nan na santiye kenan, da kakin soja. Kuma in yaƙi ya ƙare aka sallami mutum ya koma gida da jikin da aka saba wa ƙwaya ko aka dasa wa wani abu, matarsa da uwarsa ne za su yi jinya.

Dashen na'ura ma yana da tasa matsalar da ba a cika faɗa ba. Wani kamfanin Amurka, Second Sight, ya dasa wa makafi sama da 350 wata na'ura a ido da ke ba su ɗan gani, wajen 2019 zuwa 2020 ya daina yin ta, kuɗi suka ƙare masa, mutane suka rage da ƙarfe a ido ba mai gyara in ya lalace. Mu da salula ke mutuwa a hannunmu don an rasa batirinta a kasuwar Dole mun san wannan, sai dai ita salula ana ajiye ta a sayi wata. Ga kuma tambayar wa ya mallaki bayanan da na'ura ke kwasowa daga ƙwaƙwalwa, ƙasar Chile ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2021 don ta kare wannan, yawancin ƙasashe ko fara zancen ba su yi ba.

Mutanenmu in sun ji irin wannan sukan ce to a rufe ƙofa gaba ɗaya, kuma tsoron nasu yana da tushe. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano kan yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, a 2009 aka sasanta da jihar Kano kan dala miliyan 75. Amma ku tuna abin da rufe ƙofar ya jawo, a 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta bazu ƙasashe kusan 20 har da nan Nijar, yaran da suka shanye ba 'ya'yan masu kamfani ba ne. Don haka ni ban ga amfanin a ce komai haram ba, ban kuma ga amfanin a ce komai ci gaba ne ba. Abin da ya kamata jami'ar André Salifou da likitocinmu da malamai su riƙa tambaya kan duk abin da aka kawo shi ne ko wanda za a yi wa zai iya cewa a'a bai rasa abincinsa ba, kuma in abin ya ɓaci wa zai ɗauki jinya.

Wani abin da ke ba ni haushi kuma, ƙarin ƙwaƙwalwa mafi inganci da aka tabbatar ba ya buƙatar CRISPR. Kusan rabin yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, jihohin Damagaram da Maraɗi na cikin inda abin ya fi tsanani, kuma abin da ƙwaƙwalwa ta rasa daga ciki zuwa shekara biyu da wuya a mayar da shi duka. Gishiri mai iyodin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba yana kare yaro daga daƙushewar hankali. A jihar Assam ta Indiya an raba wa masu tsinkar ganyen shayi da suka haura shekara 40 tabaran karatu, binciken da aka fitar a 2018 ya nuna aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari, ba jijjiga ba jaraba, in ka gaji ka cire ka sa a aljihu. Teloli da dukawan da ke Birni da Zango waɗanda suka fara miƙa wa yaro allura ya zura musu zare, wannan tabaran kawai suke buƙata, kuma akasarinsu ba wanda ya taɓa auna musu ido.